Kurciya 15, Ba Ƙari

Ranar da na gaya wa Kawu a waya cewa na biya kuɗin lasisi don in harbi kurciya, sai da ya yi dariya har ya ƙware. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗana, wace irin ƙasa ce wannan ka je? Kurciyar ma sai da takarda?"

Na ce, "Wallahi Kawu, har adadin da mutum zai harba a rana an ƙayyade."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta. Mu da danƙo muka gama da ita tun ba mu san sa wando ba."

Kawu tsohon maharbi ne, kuma dariyarsa tana da hujja. A inda muka tashi, kurciya rabon yara ce. Babban mutum ba ya ɓata albarushinsa a kanta, in ma an ambace ta a zancen manya to ko dai karin magana ake yi, ko ana jajanta wa wanda aka ce an yi masa kurciya ya bar gari. Shekarun da na yi a jihar Teksas ta Amurka ne suka nuna mini wata duniya inda wannan 'yar tsuntsuwa take da ranarta a kalanda, da dokokinta, da jami'an tsaronta, har da rigimar siyasarta. Na daɗe ina juya abin a raina, ina so in san ko goyon baya ya dace da shi ko tsaki.

A jihohi da dama na kudancin ƙasar Amurka, 1 ga Satumba rana ce da ake ɗokinta kamar yadda yaro ke ɗokin Sallah. Ranar ce ake buɗe harbin kurciya, kuma ita ke share fagen sauran farautar kaka, kafin a kai ga agwagwar ruwa da barewa. A Teksas kaɗai kimanin mutum 300,000 ne ke fita a kowace shekara. Tun watan Agusta shaguna ke jibge kwalayen harsashi a bakin ƙofa. Ƙananan garuruwan karkara da masaukansu ke kwana babu kowa, a wannan makon sai ka nemi ɗaki ka rasa.

Wani dattijo da muke aiki tare ne ya fara gayyata ta gonar surukinsa. Na zaci daji za mu shiga, mu yi ta sanɗa. Ashe zama ne. An shuka dawa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma shukar nan mai faffaɗan fure rawaya da ake matse mai daga 'ya'yanta, an kuma bi gonar da injin yanka an fitar da layuka, ƙwaya ta zube a ƙasa. Kowa ya zo da bokitinsa mai murfi, ya nemi gindin bishiya ko bakin shinge ya zauna a kai, tsakaninsa da na kusa da shi tazara mai ɗan nisa. Rana tana dukan ƙeya, zafi ya kusa maki 38, ga wasu jajayen tururuwa masu cizo kamar an ɗora maka garwashi. Na ce a raina, wannan wahala duk don kurciya?

Sai ga su sun fara ketowa.

Tasu kurciyar ta yi kama da tamu, sai dai wutsiyarta doguwa ce mai tsini, kuma fukafukanta suna yin wani siririn fito idan ta tashi. Kukanta kamar na mai juyayi, shi ya sa ma a harshensu suke kiran ta mai makoki. Amma a sama babu alamar makoki a tare da ita. Gudunta yana haura kilomita 80 a awa, kuma ba ta tafiya miƙe. Kana ɗaga bindiga za ta karkace, ta nutsa, ta sake cillawa sama, kai kuma ka harbi iska. Kwalin harsashi 25 yake ɗauka, kuma duk wanda ya cika kurciya 15 da kwali ɗaya, ranar har dare ana zancensa. Ni a fitata ta farko kwali biyu na ƙarar, na tashi da kurciya 4. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ni kuwa gudun na ci, zomon ya wuce.

A nan ne na fara gane abin da ke jan mutane. Mai farautar barewa shi kaɗai yake zama, shiru, ko tari ba ya so ya yi. Filin kurciya kuwa wurin surutu ne. Wannan ya ƙwala wa wancan kira cewa ga ta nan bisa kansa, ya harba sau uku ya kuskure, filin gaba ɗaya ya ɗauki shewa. Akwai kakanni, akwai mata, akwai yaran da aka ba aikin tsinto abin da ya faɗo, akwai karnukan da ake ta zuba wa ruwa kada zafi ya kayar da su. Na ga wani tsoho tsaye a bayan jikansa ɗan shekara 11, hannunsa a kafaɗar yaron, yana nuna masa inda zai sa ƙafa da inda ba a taɓa juya bakin bindiga. Yawancin maharban Amurka da na zanta da su, a irin wannan fili suka fara riƙe bindiga. 'Yan'uwan da ba sa haɗuwa sai a jana'iza, wannan rana tana haɗa su. Abin ya fi kama da gayya a kan farauta.

Da yamma sai a taru a bayan motoci a hau fiɗa. Ƙirjin kawai suke cirewa, tsoka biyu da ba su fi babban yatsa ba. Sanannen girkinsu shi ne a tsaga wani koren barkono mai ɗan yaji, a cusa masa cuku mai laushi, a ɗora naman, a naɗe da siririn yankin naman alade, a soke da tsinke a gasa. Ni dai tun a fili na ware nawa: bisimilla kafin harbi, wuƙa a aljihu saboda wadda na tarar da sauran rai, sannan na gasa a gefe da yajin ƙuli da na zo da shi daga gida. Kafin in waiwaya sun cinye mini yajin.

Har 'yan siyasa sun san darajar ranar. A 1994, lokacin da George W. Bush ke neman kujerar gwamnan Teksas, ya fita ranar buɗewa da 'yan jarida a bayansa don a ga shi ma ɗan ƙasa ne. Ya harbo tsuntsu, aka duba, ashe ba kurciya ba ce, wani tsuntsu ne dangin zakaran ƙeƙuwa wanda doka ta hana taɓawa. Aka ci shi tarar dala 130, ya biya, ya kuma ci zaɓen.

Wannan tarar ta fi burge ni a kan duk gashin da aka yi. Idan ka tambayi maharbi Ba'amurke me ya sa yake wannan abu, amsar da ke bakinsa ita ce al'ada: haka kakana ya yi, haka ubana ya yi. Ni kuwa a ganina wannan ce mafi raunin hujjojinsa. Abin da ya sa nake goyon bayan lokacin harbin kurciya shi ne linzamin da aka sa wa al'adar, ta kuma yarda ta riƙe shi a baki.

Ita kanta ranar 1 ga Satumba daga takarda ta fito. A 1916 Amurka da Birtaniya, wadda ta sa hannu a madadin Kanada, suka ƙulla yarjejeniyar kare tsuntsaye masu ƙaura, majalisar Amurka ta mayar da ita doka a 1918. Yarjejeniyar ta rufe farautar irin waɗannan tsuntsaye daga 10 ga Maris zuwa 1 ga Satumba, wato lokacin da suke ƙwai da renon 'ya'ya. Ranar da ake ta yi wa biki, ranar farko ce da doka ta yarda a ɗaga bindiga. Sauran sharuɗɗan suka biyo baya. Kurciya 15 a rana, ba ƙari. Bindigar da ke ɗaukar harsashi biyar, dole a cusa mata wani ɗan sanda a ciki yadda ba za ta ɗauki fiye da uku ba. Rana na faɗuwa harbi ya ƙare. Kana iya yanke abin da ka shuka a gonarka ka bar shi a ƙasa, amma ka ɗauko buhun hatsi ka watsa don ka jawo tsuntsaye, laifi ne, kuma jami'in kula da namun daji yana iya shigowa gonar ya duƙa ya duba ƙasa, ya ƙirga abin da ke jakarka, ya gwada bindigarka. Tsuntsun da ka harbo kuma wajibi ne ka yi ƙoƙarin nemo shi, ba a yarda ka bar shi a ciyawa ka jira na gaba ba.

Adadin nan na 15 ma ba da ka aka yanke shi ba. Kowace shekara ana kama dubban kurciyoyi a sa musu zobe mai lamba a ƙafa a sake su, wanda ya harbo mai zobe ya ba da rahoto. Akwai maharban da hukumar kula da kifi da namun daji ta tarayya ke aika wa ambulan su mayar mata da fiffike ɗaya daga kowace kurciya, masana su duba gashin su gane nawa ne 'yan bana, nawa ne tsofaffi. Daga nan ake sanin ko haihuwa tana cike giɓin da mutuwa ke bari. Kuɗin wannan aiki kuma yawanci daga aljihun maharban yake fitowa, ta hanyar lasisi da wani haraji na kashi 11 cikin 100 da ke kan bindigogin farauta da harsashi, wanda tun 1937 ake ware kuɗinsa don kula da namun daji.

Amurkawa ba don sun fi kowa tausayi suka yi wannan tsari ba. Wuta ce ta taɓa ƙona su. Akwai wata tattabarar dawa mai ƙaura da ta taɓa cika gabashin ƙasar, ana ƙiyasin yawanta ya kai biliyan 3 zuwa 5. Garkenta idan ya taso yakan rufe rana na tsawon sa'o'i. A 1857 aka kawo wa majalisar jihar Ohayo ƙudurin kare ta, kwamitin da ya duba ya ce tsuntsuwar ba ta buƙatar kariya, yawanta ya wuce a ƙarar. Sai jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo. Duk inda garken ya sauka yin sheƙa, labari ya kai ga 'yan kasuwa, su zo da raga da bindiga, a cika ganguna a tura birane, ga kuma sare dazuzzukan da take kwana. Cikin shekara 50 aka gama da ita. Ta ƙarshe a duniya, wadda aka sa wa suna Martha, ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati a 1914. Ranar da ta mutu kuwa, 1 ga Satumba.

Duk shekara idan na zauna a kan bokitin nan sai wannan dacewar ta faɗo mini. Waɗanda suka ƙarar da waccan tattabara su ma gadon iyayensu suke yi. Su ma suna da girkinsu da hirarsu da tsofaffin da ke koya wa yara. Al'ada ba ta cece ta ba.

Akwai masu adawa, kuma ban ɗauke su marasa hankali ba. A 2006 jama'ar jihar Mishigan suka kaɗa ƙuri'a a kan batun, kashi 69 cikin 100 suka ce ba su yarda a harbi kurciya a jiharsu ba. A wurinsu tsuntsuwar tsakar gida ce da ke zuwa cin tsaba a bakin taga, kuma naman da ke jikinta bai kai a kashe ta dominsa ba. Maƙwabciyarsu Wiskonsin ta naɗa kurciya alamar zaman lafiya ta jiha a 1971, sannan a 2003 ta buɗe harbinta, abin da har yau ake yi musu gori a kai. Batun nama kuma gaskiya ne. Idan ka haɗa kuɗin lasisi da na harsashi da man mota da abin da ake biyan mai gona, tunda kusan duk filayen Teksas na masu su ne, za ka ga naman kurciya ya fi kowane nama a kasuwa tsada. Ba yunwa ce ke fitar da kowa ba. Nishaɗi ne, kuma gara a faɗi haka.

Wannan ya dame ni a matsayina na Musulmi, domin an hana mu mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Inda na tsaya shi ne, farautar da za a ci halal ce ko da mai yin ta yana jin daɗinta, kuma abin da ke raba ta da wasa da rai shi ne a tsinto, a gyara, a ci, a kuma san inda za a tsaya. Shi ya sa abin da ake yi a yankin Kordoba na Ajantina ba ya kwanta mini. Can manoma suna ɗaukar kurciya a matsayin annoba, babu iyaka, baƙi masu kuɗi suna zuwa mutum ɗaya ya harbe dubu a yini, wani na loda masa bindiga, wani na ƙirga masa. Ko da hujjar kare amfanin gona ta tsaya, wanda ya hau jirgi ya je can ba hatsin kowa ya je karewa ba.

A Amurka dai lissafin yana tsayawa ne saboda halin tsuntsuwar. Ƙwai biyu take yi, mako biyu ta ƙyanƙyashe, mako biyu 'ya'yan su tashi, ta sake komawa, a wurare masu ɗumi har sau biyar ko shida a shekara. Fiye da rabinsu ba sa kai shekara mai zuwa, ko an harbe su ko ba a harbe su ba, saboda shaho da maciji da sanyi da cuta. Ana harbe sama da miliyan 10 a shekara, amma har yanzu tana cikin tsuntsayen da suka fi yawa a ƙasar.

Wanda ke son ganin yadda lissafi ke karkacewa ya dubi 'yar'uwarta ta Turai, wadda mu ma muna da rabo a cikinta. Ita wannan a Turai take haihuwa, idan kaka ta yi ta keto Bahar Rum da Sahara ta yi hunturu a yankinmu, daga Senegal da Mali zuwa Nijar da arewacin Najeriya da gaɓar Tafkin Chadi. Daga 1980 zuwa yanzu yawanta ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Noman zamani ya cinye ciyayin da take cin 'ya'yansu da shingayen da take sheƙa, amma maharban Faransa da Sifaniya da Fotugal suka ci gaba da tare ta a hanya da sunan gadon kakanni. A 2021 aka dakatar da harbinta a waɗannan ƙasashe, maharba suka yi ta ƙorafi. Cikin shekara biyu ƙidaya ta nuna ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na so in gaya wa Kawu cewa wata kurciyar da ya taɓa gani a fadama lokacin sanyi, mai yiwuwa a wata gonar Sifaniya aka ƙyanƙyashe ta, amma na san zai ce Turai ta fara taɓa mini kai.

Inda nake da ƙorafi a kan abokan zamana na filin Teksas shi ne dalma. Harsashin harbin kurciya ɗaya yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi 350 zuwa 400. Ka tuna sau nawa ake kuskure kafin a samu ɗaya, ka tuna mutum nawa ke zagaye da gona guda, ka tuna gonar ce dai ake komawa kowace shekara. Duk waɗannan ƙwayoyi a ƙasa suke sauka, daidai inda aka zubar da tsaba don tsuntsaye su zo su ci. Kurciya tana haɗiyar tsakuwa don niƙa abinci a ƙundunta, ba ta bambance tsakuwa da dalma. 'Yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su kashe ta a hankali, a wani lungu da babu mai ƙirgawa, kuma shahon da ya ci gawarta shi ma ya ɗauka. Waɗannan ba sa cikin 15 ɗin kowa. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan guba ba.

Kuma mafita tana nan a kan kanta a shago. Tun 1991 aka hana harbin agwagwar ruwa da dalma a faɗin Amurka, aka yi ta kukan cewa farauta ta mutu, ga ta nan ana yi har gobe da ƙwayoyin ƙarfe. Kalifoniya ta hana dalma a kowace irin farauta tun 2019. Ita kanta hukumar namun daji ta Teksas ta yi gwaji a 2008 da 2009, ta raba wa maharban kurciya harsasai ba tare da sun san wanne ne dalma wanne ne ƙarfe ba, aka bi su ana rubuta sakamakon kowane harbi. Ba a samu wani bambancin a zo a gani ba. Duk da haka a yawancin filaye dalma ake harbawa, kuma duk wanda ya ɗago maganar sai a ce yana so ya kashe al'ada.

Na taɓa tayar da zancen da dattijon da ke gayyata ta, muna zaune a bayan motarsa ana fiɗa. Ya ce kakansa da dalma ya yi harbi, ubansa ma haka. Na ce masa kakan kakansa kuma ba shi da iyakar 15, ba shi da sanda a cikin bindiga, kuma a zamaninsa ne aka ƙarar da tattabarar da ke rufe rana. Ya yi shiru yana goge wuƙa. Can ya ce bindigar da yake riƙe da ita ta ubansa ce, an ƙera ta tun kafin a san harsashin ƙarfe, kuma ƙarfe yana iya lalata bakin irin waɗannan tsofaffin bindigogi. Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Akwai wasu ƙwayoyin marasa guba masu laushi da aka yi saboda irin bindigarsa, sai dai tsadarsu ta ninka ta dalma sau da yawa, ga shi a filin kurciya ba a harbi da tsimi.

Bana na je da kwali biyu na ƙarfe. Jikansa, wanda yanzu ya kai 14 kuma sabuwar bindiga ce a hannunsa, ya zo yana juya kwalin yana karanta rubutun jiki, sai na ce ya ɗauki ɗaya in kakansa ya yarda. Tsohon ya ɗaga kafaɗa. Da rana ta faɗi yaron yana da 6, ni ina da 5, shi kuma tsohon ya cika 15 ɗinsa tun kafin la'asar sakaliya, ya zare sauran harsashin dalmar daga bindigar ubansa, ya koma kan bokiti yana yi mana tsiya.